Darasi na Tara: Zaɓen Gam Don Haɗa Samfurin Takarda da Kwali

A ajin yamma na manya, inda tela da kafinta da mai sayar da kayan miya suke zama a benci ɗaya, aikin farko da akan ba masu koyon haɗa samfuri shi ne ɗan ƙaramin zaure na kati. Bango huɗu ne da rufi da ƙofa. Amma da wuya a tashi ba a sami wanda ya matso farin gam ya lafta wa katin kamar yadda ake lafta wa katako ba, ya haɗa, ya danne da tafin hannu. Kafin minti biyar bangon ya kumbura, gefensa ya tattare, tawadar da aka buga zanen ƙofa da ita ta fara bin jikin katin. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gam ɗin nan ba shi da kyau. A ba mu mai ƙarfi."

Malamin da ya san aikinsa ba ya tsayawa gardama. Yakan bari wurin ya bushe, sannan ya ce wa ɗalibin ya raba bangayen biyu da hannunsa. Idan ya ja, katin ne zai yage, ya bar fatarsa manne a jikin ɗan'uwansa, mahaɗar kuwa tana nan daram. Gam ɗin ya riga ya fi katin ƙarfi, kuma kusan duk gam da ke kasuwa haka yake. Ƙarfi ba shi ne ya kamata ya dami mai haɗa samfuri ba. Abin da zai tambayi kansa kafin ya buɗe kwalba shi ne yawan ruwan da ke cikin gam ɗin, da lokacin da zai ba shi ya gyara zaman abu kafin ya kama, da kuma yadda wurin zai kasance bayan damina biyu.

Samfuri da masu yinsa

Samfuri ƙaramin kwafin wani abu ne, gida ko mota ko jirgi, wanda aka rage girmansa bisa ma'auni. Yaron da ya fere karan dawa ya ƙera mota, ya soka tsinke ya haɗa mata ƙafafu, samfuri ya yi. Bambancin kawai shi ne kara soka shi ake yi, takarda kuwa sai an manna. Ɗaliban zanen gine-gine, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sukan kwana suna yankan kwali idan lokacin gabatar da aiki ya matso. Kamfanonin gina gidaje sukan ajiye samfurin rukunin gidajensu a cikin gilashi don masu saye su gani. Malamin firamare ma yana bukatarsa in zai nuna wa yara siffar dala ko ta gwangwani su taɓa da hannunsu.

A Turai wannan aiki ya daɗe da zama sana'a. Maɗaba'ar Schreiber ta garin Esslingen a Jamus ta fara buga takardun da ake yankawa a haɗa samfuri tun 1878. A Poland akwai mujallar Mały Modelarz da ta fara fitowa a 1957, wadda shafukanta sassan jirgi ne ko na mota da mai saye zai yanka ya haɗa. Shekaru da yawa masu wannan aiki a can suna amfani da Butapren, wanda asalinsa gam ne na masu gyaran takalma, domin shi ne a hannunsu kuma ba ya jiƙa kati. Sun zaɓe shi ne saboda sun san halin takarda, kuma daga nan ya kamata kowa ya fara.

Takarda mashayiyar ruwa ce

Takarda ƙananan zaruruwan itace ne da aka dama cikin ruwa, aka shimfiɗa, aka matse, aka busar. Duk lokacin da ruwa ya sake taɓa su sai su sha su kumbura. Idan gefe ɗaya ya jiƙe ɗayan yana bushe, jiƙaƙƙen zai faɗaɗa ya ja takardar ta lanƙwashe. Idan ya bushe kuma sai ya tsuke, ya ja ta ta koma ɗaya ɓangaren. Wannan shi ne abin da ya sami bangon ɗalibin nan.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A injin yin takarda yawancin zaruruwan suna kwanciya ne ta fuska ɗaya, yadda injin yake gudu, kamar dai jijiyoyin katako da kafinta ya sani. Zare yana kumbura ta kauri fiye da ta tsayi, don haka takarda tana faɗaɗa ta gicciye ninkin yadda take yi ta tsaye. Gane kwanciyar ba wuya. A ɗauki shafin jarida a yaga daga sama zuwa ƙasa, a sake yagawa daga gefe zuwa gefe. Ɗaya yagar za ta tafi sambal, ɗayar ta yi ta karkacewa. Wadda ta tafi sambal ita ce ta bi kwanciyar zaren. Kati kuwa lanƙwasa shi ake yi a hankali ta fuskoki biyu, inda ya fi saurin ba da kai nan ne. Wanda zai naɗe hasumiya ko ginshiƙi ya naɗe ta yadda zaren zai bi tsayin ginshiƙin, in ba haka ba katin zai yi ta karyewa yana fitar da layuka.

Kaurin takarda ma yana da nasa hukunci. Farar takardar fotokwafi nauyinta giram 80 ne a kowane murabba'in mita, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata ta. Katin da aka fi haɗa samfuri da shi yana tsakanin giram 160 da 200. Kwalin taliya ko na sabulu ya fi su jure ruwa nesa ba kusa ba. Sai tawada: zanen da aka buga da firinta mai tawadar ruwa yakan zuba da zarar danshi ya taɓa shi, wanda aka buga da injin fotokwafi ko firintar lesa kuwa ba ya zuba, domin garin roba ne aka narka a kan takardar, sai dai yakan tsage a wurin ninki.

Farin gam

Shi ne uban tafiya. Sunansa na kimiyya PVA, kuma wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Fritz Klatte, shi ya gano sinadarin a 1912. A Nijeriya an fi saninsa da Top Bond, har sunan ya zama kamar na kowane farin gam, wasu kasuwannin kuma akwai Fevicol na Indiya. Ƙananan ƙwayoyin roba ne suke yawo cikin ruwa. Idan aka shafa, takarda ta sha wani ruwan, iska ta kwashe saura, sai ƙwayoyin su haɗe su zama fata ɗaya mai haske wadda ta kama zaruruwan ɓangarorin biyu. Ba shi da wari mai cutarwa, ana wanke shi da ruwa kafin ya bushe, yana da araha, kuma bayan ya bushe yana da ɗan taushi, ba ya ƙandarewa ya fashe. Kashi mafi yawa na aikin samfuri da shi ake yi.

Laifinsa ɗaya ne, kusan rabinsa ruwa ne. Maganin haka yana hannun mai aiki. Kada a matso shi daga kwalba kai tsaye zuwa kan kati. A ɗiga kaɗan a murfin kwalbar lemo, a bar shi minti uku ko biyar ya sha iska. Zai yi kauri, danƙonsa ya ƙaru, ruwansa ya ragu. Sannan a ɗauki tsinken sakace ko na tsintsiya a laƙato, a ja a kan kunnen katin, wato ɗan leɓen da aka bari a gefe don mannawa. Shafawar ta zama siririya har ana hango launin katin ta cikinta. In wurin ya yi fari fat kamar an zuba nono, gam ya yi yawa. A haɗa, a daidaita gefe da gefe tun yana motsi, a riƙe da yatsu kamar daƙiƙa 30, sai a saki. Kusurwar da yatsa ba zai shiga ba a danna ta da bayan fensir daga ciki. Zai kama nan take, amma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana.

Abin da ya tsattsafo waje a ɗauke shi da busasshen tsinke tun yana ɗanye. Idan aka bar shi zai bushe yana ƙyalli, fenti kuma ba ya zama a kansa da kyau. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yana yi a kan kwali, amma a kan zanen tawadar ruwa ɓarna ce.

Inda farin gam yake ba da kunya shi ne wurin manna babbar takarda a kan kwali, kamar shimfiɗa zanen filin gida a kan allon da samfurin zai zauna. Nan ruwan yana da faɗin wurin da zai yi aikinsa. Masu ɗaurin littattafai suna da dabara a kan wannan: duk abin da aka manna a fuska, a manna irinsa a baya, zarensu yana kallon fuska ɗaya, don jan da ɗaya zai yi ɗayan ya mayar. Sannan a sa leda sama da ƙasa, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar shi har gobe.

Sitati da ƙaro

Kafin gam na kwalba ya zo mutane suna manna takarda, kuma abin da suka yi amfani da shi bai tsufa ba. Kwalin da ake zuba kaya a ciki, mai ƙunshe da takarda mai tudu da kwari a tsakiya, da gam na sitati ake haɗa shi a masana'anta har yau. Masu liƙa fastoci a bango shi suke damawa a bokiti. Masu gyaran tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan karatu na duniya sun fi yarda da sitatin alkama a kan duk wani gam na zamani, saboda ba ya canza launin takarda, kuma ko bayan shekaru masu yawa ɗan danshi ya isa a ɓamɓare shi ba tare da an yaga komai ba. A Japan masu gyaran zanen da ake naɗewa sukan dafa sitatin alkama su rufe a tulu kusan shekara 10 kafin su taɓa shi, don ƙarfinsa ya ragu ya daina jan takarda. Abin lura ne ƙwarai: gwanayen da suka fi kowa sanin takarda rage wa gam ƙarfi suke yi da gangan.

Haɗa shi a gida bai fi dama koko wuya ba. Cokali ɗaya na sitatin rogo, irin wanda ake sa wa kaya, a dama da cokali biyar na ruwan sanyi har gudaji su mutu. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Zai tashi daga fari ya koma mai haske, ya yi yauƙi. A sauke, a bari ya huce, a tace da tsumma mai tsabta. In ya yi kauri a ƙara ruwa. A dama daidai na aikin yini, domin bayan kwana biyu ko uku yakan yi tsami ya tsinke.

Sitati ya fi farin gam ruwa, saboda haka bai dace da kunnuwan kati ba. Wurinsa shi ne inda ake son takarda ta jiƙe ta yi laushi ta bi siffa. Tulluwar da ke kan soro misali ce mai kyau. Yanka ta da kati ɓare-ɓare kamar lemo aiki ne na gwanaye. Mai koyo ya sami ƙwallon tenis, wadda faɗinta ya kusa santimita 7, ya naɗe ta da leda, ya yayyaga jarida ƙanana da hannu, ya riƙa tsomawa a sitati yana jerawa a kan rabin ƙwallon har hawa biyar ko shida. Yagar hannu ta fi yankan almakashi a nan, domin bakinta mai gashi-gashi yana narkewa cikin na kusa da shi. In ta bushe sarai a zare ƙwallon, a daidaita bakin da almakashi. Za a sami tulluwa marar nauyi mai tauri kamar ƙoƙo.

Ƙaro kuwa ɗan gida ne. Daga jikin dakwara da danginta ake samunsa, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya suna biye, kuma a Nijeriya jihohin Borno da Yobe da Jigawa ne cibiyarsa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san shi, don shi ake sa wa tawada ta kama allo ta yi sheƙi. An daɗe ana shafa shi a bayan kan sarki da bakin ambulan, abin da ya sa lasa ɗaya take tayar da danƙonsu. A jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace. Yana manna siririyar takarda da kyau, kamar ƙananan zanen ado da ake liƙawa a fuskar bango. Sai dai in ya bushe yana da gautsi, ba ya jure lanƙwasa, kuma danshi yana sake narka shi. Kada a ɗora masa nauyin riƙe bango.

Sitati da ƙaro duka abinci ne a wurin kyankyaso da ɓera da gara, kuma funfuna tana son su da damina. Samfurin da za a ajiye shekaru a ɗakin da ba silin, gara a yi shi da farin gam.

Waɗanda ba sa jiƙa takarda

A 1932 wani mai haɗa magunguna a garin Bühl na Jamus, August Fischer, ya fito da gam mai haske kamar gilashi, ya sa masa suna UHU, sunan wata babbar mujiya da Jamusanci. Shi ne mai rawayen bututun nan da ake gani a shagunan kayan makaranta. An narka robarsa ne cikin sinadari mai saurin tashi a iska, kamar yadda turare yake tashi, don haka takarda ba ta kumbura. Wannan ya sa ɗaliban zanen gine-gine suke ƙaunarsa. Yana kama takarda da kwali da itace da yadi, har da farar robar da ake yin taga da ita. Halinsa da ke ba da haushi shi ne jan zare kamar yanar gizo-gizo duk lokacin da aka ɗaga bututun, zaren kuma in ya faɗa a fuskar samfuri ya bar tabo. A matso kaɗan a kan wani guntun kwali a ɗauka da tsinke, a rufe bututun nan da nan. Sannan sinadarin nasa yana cinye farar kumfar nan da ake tallafe talabijin ko firji da ita a cikin kwali. Ɗigo ɗaya sai ya huda rami. Kumfa sai farin gam, ko UHU por da aka yi musamman dominta.

Gam na sanda, mai murɗawa kamar jan-baki, kamfanin Henkel na Jamus ne ya fara fito da shi a 1969 da sunan Pritt, kuma daga jan-bakin mata aka ɗauko dabarar. Ruwansa kaɗan ne ƙwarai, ba ya ɓata hannu, ya dace da manna takarda a shimfiɗe a kan takarda. Nan amfaninsa ya tsaya. Kusurwar da ke da ja, kamar inda aka naɗe kati yana son warwarewa, ba zai riƙe ta ba, kuma marasa kyau daga cikinsu sukan saki bayan 'yan watanni.

Evo-Stik na masu gyaran takalma da sholishon masu faci dangi ne. Ana shafa su a ɓangarori biyu, a jira kamar minti 10 har yatsa ya daina ɗaukowa, sannan a haɗa. Da sun taɓa juna magana ta ƙare, babu gyara. Suna da amfani wurin haɗa kwali hawa-hawa don a sami kaurin katanga, tunda ba sa lanƙwasa shi. Amma tururinsu guba ne, yana sa jiri da ciwon kai, yana kama wuta, kuma kowa ya san irin ɓarnar da shaƙar sholisho ta yi wa matasa a garuruwanmu. Wanda zai yi aiki da su ya fita tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya, nesa da murhu da fitilar kananzir, ya kuma kulle gwangwanin inda yara ba za su kai ba. A ajin da akwai yara ko mata masu ciki, bai kamata a buɗe shi ba sam.

Masu sauri

Super Glue shi ne abin da mai koyo yake fara nema, kuma shi ne ya fi ƙarancin bukata. Harry Coover, wani Ba'amurke, ya ci karo da sinadarin a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana neman roba mai haske don saitin bindiga. Aka ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. Sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi. Ba bushewa yake yi ba, danshi ne yake sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama yatsu cikin ƙiftawar ido. A kan takarda yakan ratsa ya bar tabo mai duhu, wurin ya ƙandare. Tururinsa yana sa roba mai haske ta yi hazo fari, don haka ba a manna taga da shi.

Wannan ratsawar tasa tana da rana ɗaya. Zankon da ke kan kusurwar soro, idan aka rage shi, bai fi santimita 1 ba, kuma tsininsa yana saurin lanƙwashewa. Ɗigo guda a kan tsinin zai sa katin ya yi tauri kamar roba, har a iya goge shi da takardar yashi. Haka nan shi ne mai haɗa waya ko allura da kati. Kada a goge shi da auduga ko bakin riga, domin haɗuwarsa da auduga tana haifar da zafin da ke ƙona fata. Yatsun da suka manne kada a fizge su, a tsoma cikin ruwan ɗumi da sabulu ana murzawa a hankali, ko a sa ruwan goge jan-farce mai asiton. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti, kada a yi ƙoƙarin buɗe fatar idon da ƙarfi.

Gam na kyandir, wanda ake narkawa a bindigarsa, yana fitowa da zafin digiri 120 a ƙananan bindigogi, manya kuma har wajen 190. Yana kama babban kwali cikin daƙiƙu, yana cike gurbi, ya dace da ƙarfafa kusurwoyi daga ciki inda ido ba ya gani. A ƙaramin aiki kuwa ƙulli yake bari. Wasu in an ɗauke wuta sukan kara sandar a harshen kyandir. Yin haka a teburin da ke cike da takarda neman gobara ne, kuma gam ɗin yakan yi baƙi da hayaƙi.

Salatif a bar shi wurin riƙe abu na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar takardar shaida da aka liƙa da shi ya ga yadda yake komawa ruwan ƙasa, ya faɗi, ya bar tabon da ba ya fita.

Hunturu da damina

Abin da aka rubuta a jikin kwalba an auna shi ne a ɗaki mai matsakaicin yanayi, wanda ba shi ne namu ba. Da hunturu danshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Farin gam yana yin fata a murfin kwalba kafin a juya, don haka sai a rage jiran nan na minti biyar, a riƙa shafa kunne ɗaya ana haɗawa kafin a taɓa na gaba. Super Glue kuwa a lokacin yake nawa, saboda ba danshin da zai tayar da shi. Ƙura ma tana sauka a kan duk abin da yake ɗanye, sai a kifa kwali a kan aikin. A watan Agusta lamarin yakan juye: danshi ya haura kashi 70, abin da yake bushewa cikin awa ɗaya ya kai yini, kati ya yi laushi tun kafin a taɓa shi. Tulluwar sitati a lokacin sai an shanya kowane hawa biyu kafin a ƙara, in ba haka ba ta yi funfuna daga ciki.

Zafin bazara shi ma yana da nasa. Cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce digiri 60, kuma a wannan zafi farin gam da na kyandir duka suna laushi, rufi ya fara zamewa. Kada a bar samfuri a mota ko a jikin tagar da rana take duka.

Zauren, daga tushe zuwa zanko

A ɗauki zaure mai faɗin mita 4 kowane gefe da tsayin mita 3 da rabi. A ma'aunin 1:50 kowace mita tana zama santimita 2, wato samfurin zai zama santimita 8 a faɗi, 7 a tsayi, ƙofar mita 2 ta koma santimita 4. Katangar ƙasa mai kaurin rabin mita za ta ci santimita 1, sai an haɗa kwali hawa biyu ko uku. Wannan a yi shi tun daren jiya da farin gam siriri, a danne da littattafai. Da safe a haɗa kusurwoyi da farin gam mai kauri, a matse da maƙalan shanya, a sa guntun kwali mai kusurwa daidai daga ciki don bangon ya tsaya ƙyam. Tulluwa ta sitati ce. Indararo, wanda guntun tsinken alawa ko bututun biro zai iya zama, UHU ne zai riƙe shi tunda roba ce. Zankwaye huɗu a manna da farin gam, a taurara tsininsu da Super Glue.

Yaɓe shi ne na ƙarshe, kuma sai ginin ya kwana ya yi ƙarfi. A sirka farin gam da ruwa daidai-wa-daida, a shafa wa bango ɗaya da buroshi, a barbaɗa jar ƙasa da aka tankaɗe da rariya mai laushi, a karkaɗe saura. In ya sha iska a juya na gaba. Ɗan kwalin da ɗazu ake karanta sunan taliya a jikinsa zai fito da launi da kaushin ginin ƙasa irin na cikin birnin Kano ko Zariya.

Kafin zama na gaba kowane ɗalibi ya yanka guntayen kati 10 masu girman kwalin ashana, ya manna su biyu-biyu da gam iri biyar da ya iya samu, har da sitatin da ya dafa da kansa. Ya rubuta sunan gam da ranar a bayan kowanne, ya lura da wanda ya lanƙwashe da wanda ya bar tabo. Ya zo da su aji ba tare da ya raba su ba, tare da reza sabuwa, rula ta ƙarfe, murfin kwalba biyu da kwalin taliya guda. A aji za a yaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa.